Roka ma sai da mai gida: amsa daga Nima

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce an gaya maka Ghana ta harba tauraron ɗan'adam, kana son sanin wa yake ba da izinin haka a wajenmu, kuma ko mai kuɗi zai iya kafa wurin harba roka a bakin tekun Accra tunda muna dab da layin ikwaita.

Mu fara gyara zancen. Ghana ba ta harba ba, saƙo ta bayar aka kai mata. GhanaSat-1 ɗan akwati ne, santimita 10 kowane gefe, nauyinsa kamar kilo ɗaya. Ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua ne suka haɗa shi a cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. Ranar 3 ga Yuni 2017 rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ta ɗauke shi daga Florida zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ranar 7 ga Yuli aka sake shi a nisan kilomita kusan 400. Tare da naku na Najeriya ma suka tafi, EduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure. Lasisin harbawar na Amurka ne, domin daga ƙasarta rokar ta tashi.

Idan ana wannan magana a Zango, tsofaffi sun fi samari saurin ganewa, saboda sun san tsarin mai gida. Tun zamanin fataucin goro, kuma har yau a harkar shanu, baƙo ba ya sauke kaya ya hau ciniki kai tsaye. Yana sauka ne a hannun mai gida, shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni, ya ci la'adarsa. In bashi ya maƙale ko rigima ta tashi, a gaban Sarkin Zango mai gidan ake nema. Shi ya sa mai gida na ƙwarai ba ya karɓar kowa sai ya san asalinsa da abin da ya ɗauko.

Haka dokar sama take. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 kan sararin samaniya ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da 'yan kasuwarta suka yi a sararin samaniya, ta ce sai da izininta da sa idonta. Ta 1972 ta ƙara ɗaure abin: in tarkace ya faɗo ya yi ɓarna a ƙasa ko ya bugi jirgi a sama, ƙasar da ta harba za ta biya, ko da ba a kama ta da sakaci ba. Kuma "ƙasar da ta harba" ta haɗa da wadda ta yi hayar rokar da wadda aka tashi daga filinta. An taɓa biya: tauraron Tarayyar Sobiyat, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978 da sinadarin nukiliya a cikinsa, Sobiyat ta biya dalar Kanada miliyan 3. Lasisi ke nan, gwamnati ce take duba baƙonta kafin ta tsaya masa.

A Amurka, inda kasuwar ta fi girma, dokar harbawar 'yan kasuwa ta fito a 1984, kuma hukumar jiragen sama, FAA, ke ba da lasisin. Kamfani zai fara zama da jami'anta kafin ya miƙa takarda, in an karɓa hukumar tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Abin da ya fi cin lokaci lissafin haɗari ne. Sai kamfani ya nuna hanyar da rokar za ta bi, inda kowane sashe da ta yar zai faɗa, da inda tarkace zai watsu in ta fashe a daƙiƙa ta 30 ko ta 90 ko ta 200, a haɗa da ƙarfin iskar ranar da yawan mutanen da ke ƙasa. Ƙa'idar: yiwuwar a samu asarar rai ko mummunan rauni a cikin jama'a baki ɗaya kada ya wuce ɗaya cikin 10,000 a harbawa guda, na mutum ɗaya kuma kada ya wuce ɗaya cikin miliyan. Manyan rokoki suna ɗauke da na'urar da ke tarwatsa su in sun kauce hanya. Ana sanar da matuƙan jirage da na ruwa su bar yankin, kuma kwalekwale ɗaya da ya kutsa ya isa a ɗage harbawa. Ga binciken muhalli, ga duba kayan da aka ɗauko, sannan inshora: hukumar ke ƙiyasta mafi girman asarar da za a iya yi wa mutanen waje, kamfani ya sayi inshorar wannan adadin, iyakarta dala miliyan 500. Fita waje ma ba ta kuɓutar da kamfanin Amurka. Rocket Lab daga New Zealand yake harbawa, amma sai da lasisin FAA.

To, zancen Accra. Gaskiya ne kusanci da ikwaita riba ne. A kan layin duniya tana juyawa da gudun mita 465 a daƙiƙa, roka mai fuskantar gabas tana samun wannan kyauta, kuma mu digiri biyar da ɗoriya kawai muke arewa da shi, kusan daidai da Kourou inda Turawa ke harbawa a Kudancin Amurka. Amma ka tsaya a gaɓar Jamestown da safe ka duba inda rana take fitowa. Tekunmu kudu yake kallo. Gabas da mu Tema ce, sai Lome, sai Kwatano, sai Legas. Kourou ruwa ne zalla a gabashinta. Haka Malindi ta Kenya, inda Italiya ta yi ta harbawa daga wani dandali a cikin teku daga 1967 zuwa 1988. A nan, lissafin ɗaya cikin 10,000 zai rushe tun a kan takarda. Hanyar kudu ce a buɗe har Antatika, wadda ta dace da taurarin ɗaukar hoto masu bi ta saman duniya da ƙasanta, sai dai su ribar ikwaita ba ta amfane su da komai. Ko a nan ɗin sai an yi da masunta, kwalekwalensu cike yake da wannan ruwa.

Abin da yake hannun hukumominmu yau ya fi kusa da ƙasa. Akwai cibiyar kimiyyar sararin samaniya da aka kafa a 2012 ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya, ita ke da babban farantin nazarin sararin samaniya na Kuntunse mai faɗin mita 32. An ƙaddamar da manufar ƙasa kan sararin samaniya a 2024, amma manufa ba doka ba ce. Ku kun riga mu, dokar 2010 ta ba NASRDA, hukumarku ta sararin samaniya, ikon ba da lasisi. Wadda muke gogayya da ita kullum NCA ce, hukumar sadarwa, domin tauraro ba ya magana da ƙasa sai ta mitar rediyo, kuma gwamnati ce ke shigar da buƙatar mita a ITU, ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janeba, ba kamfani ba.

Starlink, mai sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya nuna yadda abin ke tafiya. Ku kun same shi a Janairun 2023. Kafin ya iso nan da izini, faranti ya riga ya fara shigowa ta kan iyaka da rajistar waje. A Disamban 2023 NCA ta yi shelar cewa ba ta ba kamfanin lasisi ba, ba ta kuma tantance na'urarsa ba. Ta amince a Afrilun 2024, aiki ya fara a Agusta. Masu haƙuri a cikinmu sun jira, kuma mu muna ganin su suka yi daidai, don mai shago ko makarantar Islamiyya da ta kafa na'ura marar takarda ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

In wani yaro a Kano yana mafarkin ɗan akwatinsa irin na Koforidua, ka gaya masa ya fara da takardar mita kafin ya sayi ko batir, kuma kada ya ƙanƙanta shi fiye da kima. Kamfanin Swarm na Amurka ya haɗa taurari huɗu da kaurin kowanne bai kai santimita 3 ba. Hukumar sadarwarsu, FCC, ta hana lasisi saboda na'urorin sa ido za su sha wuyar ganinsu. Kamfanin ya ɗora su a rokar Indiya a Janairun 2018 duk da haka, ƙarshen shekarar aka ci shi tarar dala 900,000.