Fim mai dogon zango zai iya sauya tunanin 'yata?

Tambaya daga wata uwa a Agege, Legas: 'Yata mai shekara 15 ba ta tashi daga gaban talabijin. Yanzu cewa take sai mai gida a Lekki, unguwar masu kuɗi, za ta aura, kuma a wurinta duk kishiya boka take bi. Fim ne ya jawo haka?

Amsa: Hajiya, fim na da hannu, amma maimaici ne ke yin aikin. A shekarun 1970 George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya kwatanta masu kallon awa 4 ko fiye a rana da masu kallo kaɗan. Masu yawan kallo sun fi ɗaukar duniya wuri mai haɗari, sun fi zargin mutane, domin abin da allo ke nanata musu ke nan. A Brazil ma bincike ya nuna haihuwa ta ragu a yankunan da tashar Globo ta isa da wasanninta masu nuna ƙananan iyalai, har iyaye na raɗa wa 'ya'ya sunayen mutanen cikin wasannin.

Tasirin ya fi ƙarfi a kan abin da mutum bai taɓa gani da idonsa ba. Ba fim ɗin da zai ruɗe ta kan farashin tumatir a kasuwar Mile 12, ta sani. Zaman aure kuwa ba ta shiga ba, sai ta cike giɓin da abin da ta kalla. Abin da ya fi damun mu shi ne wa ke cin riba a labarin: in maƙaryaciya ta sha daɗi har kashi na 40 na fim ɗin, aka hukunta ta a minti 5 na ƙarshe, daɗin ne ke zama a zuciya.

Ki ƙirga awannin kallonta na mako guda, har da na waya, sannan ku yanke awa 1 zuwa 2 a rana. Ki zauna ku kalli kashi biyu tare kowane mako, ki tambaye ta: da wane aiki wannan saurayin ya sayi motar? A unguwarmu wace kishiya kika sani mai irin wannan hali? Ki bari ita ta ba da amsa, kada ki mayar da hirar wa'azi.

Dikodar DStv da GOtv na da makullin lamba da ke tare shiri bisa shekaru, ki sa shi. Kada dai ki hana kallo gaba ɗaya rana ɗaya. Za ta koma wayar ƙawa, inda idonki ba ya kaiwa.