Tilo ko jam'i: yadda ake magana a kan jinsin abu da Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gwammaja, ina shirin WAEC. Na rubuta "Camel can live for days without water", malaminmu ya ja min jan biro ya ce in sa "Camels". Amma kuma na ga "The camel" a wani littafi. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminku yana da gaskiya, kuma daga Hausa kuskuren ya samo asali. Mu mukan ce "raƙumi yana jure ƙishirwa", da tilo kawai, kowa ya gane duk raƙuma ake nufi. Turanci ba ya karɓar haka. Sunan abin da ake iya ƙirgawa, in dai tilo ne, ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an sa masa "a", "an", "the" ko irinsu a gaba.

Hanyar da nake so ki riƙe ita ce jam'i ba tare da "the" ba: "Camels can live for days without water", "Traders in Kantin Kwari sell cloth". Da wuya ta ba ki kunya. Ki kula da "the" ɗin nan sosai, domin da zarar kin ce "The camels are strong", kin daina maganar jinsin raƙuma gaba ɗaya, kin koma kan wasu raƙuma da ke da mai sauraronki kuka sani, kamar yadda "raƙuman" ya bambanta da "raƙuma".

"A camel" ma daidai ne idan abin da za ki faɗa ya shafi kowane raƙumi ɗaya bayan ɗaya, musamman wajen bayyana ma'ana: "A tailor sews clothes". Amma ba a cewa "A lion is becoming rare", domin zaki guda ba ya yin ƙaranci, jinsin ne ke raguwa. Sai "Lions are becoming rare". Shi kuwa "The camel" da kika gani, salon littattafan kimiyya ne, an fi yinsa da dabbobi, tsirrai da ƙirƙire-ƙirƙire, kamar "The telephone changed trade". Kada ki yawaita shi a insha'i.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne aikatau. Idan "s" tana jikin suna, ba ta jikin aikatau: "Goats eat grass", amma "A goat eats grass". In kin fara sakin layi da jam'i, ki ci gaba da "they" har ƙarshensa.

Bayan "like" da "hate", in sunan abin da ake ƙirgawa ne, jam'i ake sa wa: "I like mangoes". Da dabbobi har ma'ana kan canza, domin "I like goats" son awaki ne, "I like goat" kuwa naman akuya ake nufi.

Sunayen da ba a ƙirgawa ba sa ɗaukar "s" ko "a": "Rice is expensive", "Water is life". A cikinsu akwai "information", "advice", "furniture", "equipment" da "luggage". Za ki ga "furnitures" a allunan shaguna cikin gari, amma mai duba takardar jarrabawa kuskure zai lissafa shi. Idan guda ɗaya kike nufi, ki ce "a piece of advice" ko "a piece of furniture".