Tambaya da Amsa: Yaya Zan Tace Labarina?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. Malaminmu ya yaba labarin da na rubuta, amma jan biro ya cika takardar. Ina mafita?

Amsa: 'Yata, kada ki karaya, domin rubutu daban, tacewa daban. Idan kin gama, ki bar labarin ya kwana, washegari ki karanta shi a bayyane, kunnenki zai nuna miki jimlar da ta yi nauyi. Sannan ki kula da ƙa'idojin rubutu: a haɗe ake rubuta "yana", kuma ƙugiya ba ado ba ce, tunda "ƙasa" da "kasa" ma'anarsu ba ɗaya ba ce. A ganina, nan ɗalibai suka fi zubar da maki a insha'in jarrabawar kammala sakandare ta NECO.