Tambaya da Amsa: Falon da na zana yana fitowa da duhu, in canja kwamfuta ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Unguwar Rogo, Jos, ban daɗe da gama difloma a zanen gine-gine ba. Kawuna ya sayi fuloti ƙafa 50 da 100 ta wajen hanyar Bauchi, ya ce in zana masa gida mai ɗaki huɗu, in nuna masa hotonsa kafin a kira magina. Da manhajar SketchUp nake zane, ina yin renda (fitar da hoton ginin kamar na gaske) da manhajar V-Ray, a laftof mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 8. Tun ranar da na shigo da fayil ɗin safiyo komai ya rikice. In na matso kusa da ginin sai rabinsa ya ɓace, wasu bangayen suna ƙiftawa, kwamfutar tana sandarewa, ga hoton falo yana fitowa da duhu alhali manyan tagogi biyu na sa masa. Abokaina sun ce in sayar da ita in sayi babba, ni kuma kuɗin ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Me za ka ba ni shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa wannan aiki albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Cikin matsaloli huɗun da ka lissafa, uku ba ruwansu da ƙarfin na'ura. Ko ka ɗora fayil ɗin nan a kan kwamfutar da ta fi kowace tsada a Abuja, rabin ginin zai ci gaba da ɓacewa, bango zai yi ta ƙiftawa, falo kuma zai fito da duhunsa, domin ciwon yana cikin samfurin da ka gina. Sandarewa ce kaɗai na'ura ke da hannu a ciki, ita ma rabi da rabi.

Mu fara da fayil ɗin safiyo, tunda kai da kanka ka lura daga nan abin ya faro. Safiyo ba ya ajiye fili a inda ya ga dama a cikin zanensa. Kowace shaidar iyaka tana da lambobi biyu da ke nuna ainihin matsayinta a doron ƙasa. Jos tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a tsarin UTM, wanda ke auna matsayi a doron ƙasa da mita, lambar arewa ta fulotin kawunka ta haura mita miliyan ɗaya. In ka shigo da fayil ɗin yadda yake, SketchUp zai kai filin can, fiye da kilomita dubu daga mahaɗar layukan nan uku, ja da kore da shuɗi, inda zane yake farawa. Katin hoto na kwamfuta kuwa, wato sashen da ke zana abin da kake gani a allo, lambobi bakwai ko makamancin haka yake iya riƙewa daidai. Miliyan ɗaya ta riga ta cinye bakwai ɗin, to ina wurin milimita? Shi ya sa kyamara ke yanke ginin in ka matso, layuka kuma su riƙa rawa.

Gyaran ba wuya. Buɗe sabon fayil, ka sake shigo da zanen safiyon, amma kafin ka danna, shiga Options ka cire alamar da ke kan Preserve drawing origin, ka zaɓi mita a matsayin ma'auni. Da ya shigo, ɗauki Tape Measure ka auna gaban fulotin. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuma 30.48, sai dai abin da ke rubuce a takardar safiyo za ka bi, don fuloti kan zo da ɗan ragi ko ƙari. In ka ga milimita 15 ko kilomita 15, ma'auni ne ya saɓa, sake shigo da shi. Daga nan danna Zoom Extents. In filin ya koma ɗan ɗigo a kusurwar allo, akwai wani guntun layi ko rubutu da ya maƙale can nesa, nemo shi ka goge. Sai ka kwafo gininka daga tsohon fayil ka ɗora shi a kan filin.

Abu ɗaya nake roƙonka a nan: kada ka juya fulotin don ya miƙe a allo ya yi maka daɗin zane. A SketchUp koren layi na asali shi ne arewa, da shi ake lissafin rana. Bar filin a karkace yadda Allah ya yi shi, ka yi amfani da Axes ka daidaita layukan zane da gefen fulotin. Za ka ga amfanin wannan in mun zo kan falo.

Ƙiftawar bango kuma, fuska biyu ne suka hau wuri ɗaya daidai wa daida, katin hoto ya rasa wacce zai nuna, sai ya riƙa nuna wannan yana nuna waccan. Yawanci a wuri uku ake samunta: an shimfiɗa tayil a kan daɓe ba tare da kauri ba, ko an zana fenti a matsayin wata fuska dabam a jikin bango, ko an liƙa rukuni ɗaya sau biyu ba a sani ba. Goge ɗaya, ko ka ba tayil kaurinsa na milimita 10.

Kowane abu ma ka ba shi kaurinsa na gaskiya. Bulo inci 9 milimita 225 ne, in an yi masa filasta ciki da waje ya kai kusan 250. Bulo inci 6 kuma 150 ne kafin filasta. Ɗakuna uku a jere bango huɗu suke buƙata, bangayen nan kaɗai sun cinye kusan mita ɗaya daga faɗin fulotin da bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, ban da tazarar da hukuma ke sa a bari tsakaninka da katanga. Matasa da yawa suna zana bango siriri don ɗaki ya yi faɗi a hoto, sai ranar da birkila ya ja igiya a fili gaskiya ta fito, mai gida ya ga gadonsa ba zai shiga ba.

Kafin ka bar bangaye, je View, Face Style, ka zaɓi Monochrome. Duk fuska a SketchUp tana da gaba da baya: gaba fari, baya shuɗi mai toka-toka. Inda duk ka ga shuɗin nan yana kallonka, danna dama ka zaɓi Reverse Faces. Fenti da ka shafa a kai ya ɓoye maka shi ne kawai, manhajar renda tana gani, musamman a gilashi, kuma daga nan baƙaƙen tabo ke fitowa.

Batun sandarewa, ina kyautata zaton ba ginin ne ya yi nauyi ba, kayan ɗaki ne. Gida mai ɗaki huɗu, bango da rufi da tagogi, abu ne mara nauyi. Amma kujera guda mai kwalliya da aka sauko da ita daga 3D Warehouse, rumbun kayan SketchUp na intanet, tana iya fin gidan gaba ɗaya yawan fuskoki, balle fitilar falo mai ƙyalƙyali, da mota a gareji, da itatuwa masu ganye ɗai-ɗai. Shiga Model Info, Statistics, ka dubi adadin fuskokin, sannan ka danna Purge Unused. Duk kujerar da ka taɓa gwadawa ka goge tana nan kwance a cikin fayil har sai ka yi wannan. Tagogi iri ɗaya ka mai da su Component, ka zana ɗaya ka maimaita. Kayan ɗaki da itatuwa ka ba su nasu Tag ka ɓoye su lokacin zane, masu nauyin ka mai da su Proxy na V-Ray, wato sassauƙan wakili da ke tsaya musu a allo sai lokacin renda. Kashe inuwa sai lokacin da kake buƙatarta.

Yanzu falo. Abu na farko shi ne kyamara. V-Ray yana kwaikwayon kyamarar gaske ne, kuma saitin da yake zuwa da shi na waje ne, na tsakar rana, lambar EV, wato ma'aunin hasken da kyamara ke ɗauka, tana wajen 14. Ka tsaya a rana ka saita kyamara sannan ka shiga ɗaki da ita, dole ka ga duhu. Sauko da lambar zuwa wajen 10 ko 11 ka gwada, ƙasa da lamba, ƙarin haske. Na biyu gilashi: in taga fuska ɗaya ce da ka shafa wa shuɗin fenti, haske ba zai ratsa yadda ya kamata ba. Ba shi kauri milimita 5 ko 6, ka sa masa gilashin V-Ray na gaske. Don ka tabbatar, ɓoye gilasan duka ka yi ƙaramin renda. In falo ya waye, ka kama ɓarawon. Kada kuma ka mai da bango fari fat don neman haske, a ma'aunin launi na kwamfuta 255 ne fari fat, kuma ba fentin da ya kai haka a duniya. Tsaya wajen 200 zuwa 220, hoton zai fi kama da ɗaki, rendar ma ta fi sauri. Gwaji kuwa a ƙaramin hoto ake yi, babba sai an gama komai.

In ka yi duk wannan falon bai daina duhu ba, to ka saurari abin da kwamfutar ke gaya maka, mai yiwuwa falon ne da gaske ba zai samu haske ba. A nan ne nake ganin amfanin manhajojin nan ya fi girma, a nan kuma aka fi sakaci. Shiga Geo-location ka sa Jos da hannunka: digiri 9.9 arewa, 8.9 gabas, agogo UTC+1. In ba ka yi haka ba, ranar wata ƙasa ce ke haska gidan kawunka. Da yawa daga masu koyarwa a YouTube 'yan Turai da Amurka ne, su kullum rana ta kudu take bi musu, shi ya sa suke cewa tagar arewa ba ta ganin rana. Mu ba haka muke ba. A Jos rana tana tsayawa a tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta ta arewa take bi. A Disamba sai ta karkata kudu, da tsakar rana tsayinta bai wuce digiri 57 ba.

Saboda haka ka gwada kwanaki uku, 21 ga Maris, 21 ga Yuni da 21 ga Disamba, ka ja agogon inuwa daga bakwai na safe zuwa shida na yamma kana kallo. Za ka ga bakin rufi mai fitowa santimita 60 yana kare tagogin kudu da arewa sosai, amma ba ya iya komai da ranar la'asar da ke shigowa a kwance ta yamma. Za ka ga ko katangar maƙwabci ko barandar da ka sa ce ta toshe wa falo haske. Ka tuna kuma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Ɗakin tsoho ko na yara da hantsi ke shiga ta gabas alheri ne a nan, ko da a Abuja wani zai guje shi.

Tunda arewarka ta tsaya daidai, alƙibla ma ta samu: daga Jos kusan digiri 65 take daga arewa zuwa gabas. Ja layin a kan filin ka duba yadda masai ya zauna a kowane banɗaki, kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Kawu zai yi wannan tambayar, gara a gyara a allo da a fasa tayil. Haka nan ka ɗauki Position Camera ka tsaya a bakin get da tsayin ido mita 1.6, ka shiga kamar baƙo. Daga ƙofar falon baƙi kana hango kicin? Kana ganin ƙofar ɗakin uwargida ko wurin shanya? In kana gani, baƙon ma zai gani. Babu manhajar da ta san sirrin gidan Bahaushe, kai za ka duba mata.

Ga wata amana kuma. Faɗaɗa idon kyamara yana sa ɗaki mai mita 3.6 ya zama kamar zauren taro. SketchUp da digiri 35 yake zuwa. A cikin ɗaki kana iya ƙarawa zuwa wajen 55 ko 60, kada ka wuce. Kada ka shimfiɗa marmara da silin mai hawa uku a hoto in ka san kuɗin kawu na tayil ne da silin sassauƙa. Da wannan hoton zai auna aikin magina, da shi kuma zai auna ka.

Kwamfutar taka, in tana karɓar ƙari, ka kai RAM ɗinta 16, in kuma tsohon faifai ne a ciki ka sa mata SSD, sabon faifai mai sauri. Wannan bai kai kusa da kuɗin sabuwa ba, kuma za ka ji bambanci. V-Ray yana iya renda da furosesa kaɗai, zai ɗauki lokaci amma zai gama. Manhajojin renda irin su Lumion da Enscape ne suka dogara kacokan ga katin hoto, sai ranar da ka koma kansu maganar sabuwar na'ura za ta taso. Yi renda tana jone da wuta, domin a kan batir tana rage ƙarfinta. Kada ka ɗora ta a kan katifa, ka sa a busa mata ƙurar hunturu daga fanka. Bar Auto-save a kunne saboda ɗauke wuta, in kuma fayil ya ƙi buɗewa, nemi ɗan uwansa mai ƙarewa da .skb ka mai da shi .skp. Manhajar sata da ake sa wa mutane a kasuwa tana yawan zuwa da ƙwayar cuta mai cinye ƙarfin na'ura a ɓoye. In kuɗin lasisi ya gagara, Blender da Sweet Home 3D kyauta ne.

Ka gaya wa kawu tun yanzu cewa hoto ba shi ne zanen gini ba. Hukumar raya birnin Jos, JMDB, zanen aiki take dubawa kafin ta ba da izini, mai ma'auni da hatimin masanin gine-gine da ke da rajista da hukumarsu, ARCON, tare da lissafin injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, kan harsashi da ginshiƙai da rodi. A Jos wannan ya ƙara zama dole, don wani filin dutse ne a ƙarƙashinsa, wani kuma tsohon ramin haƙar kuza ne da aka cike, SketchUp kuwa ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa. In ka gyara samfurin, ka kai shi wurin wani babba mai rajista ya duba, ku fitar da zanen aikin tare kafin a sauke tifar yashi ta farko.