Kada Ka Wanke Wannan Kiɗan

Jiya da dare muna kashe kayan situdiyo ka tambaye ni, na ce ka bari sai na zauna. Cewa ka yi, me mutane suke ji a hip hop ɗin 'yan ƙarƙashin ƙasa, inda mawaƙi zai yi minti uku yana zuba magana kamar ruwan sama, babu amshi, kiɗan kuma da ƙura kamar an tono shi daga tsohon kaset? Ka kuma ce waƙar da aka kawo mana jiya kana so ka wanke sautinta tas kafin ka haɗa. To ɗana, ɗauke hannunka daga na'urar tukuna.

Fara da lissafi. Galibin waɗannan waƙoƙi suna tafiya a wajen bugu 90 a minti. Layi ɗaya bugu huɗu ne, bai cika daƙiƙa uku ba, kuma mu masu kiɗa muna raba shi gurbi goma sha shida. Mawaƙin rediyo yakan jefa kalmomi kaɗan ya bar sauran fili don mai rawa. Wannan kuwa kusan kowane gurbi sai ya dasa masa gaɓa. Bakinsa ya zama ganga ta biyu. Shi ya sa in ka bi ma'ana a saurare na farko za ka gaji, ka ce surutu ne.

Ga yadda nake yi. Karon farko ba ruwana da abin da yake cewa, wasulan kawai nake bi, in ji inda suke dawowa. Ka san amsa-amon waje, wanda ke zuwa a ƙarshen layi, kowa na iya shi. Abin da mawaƙin Amurka Rakim ya fito da shi fili a 1987 shi ne amsa-amon ciki, a tsakiyar layi, inda kunne bai zata ba. MF DOOM ya kai abin wani mataki: gaɓa huɗu ko biyar a jere za su amsa wa wasu huɗu ko biyar, wani lokaci layi sukutum ya amsa wa ɗan'uwansa, kuma jimlar ta tsallake ƙarshen layi ta faɗa na gaba kamar ba ta ga iyaka ba. Karo na biyu ina neman inda yake numfashi. Sai a na uku nake ɗauko rubutun waƙar in bi da yatsa. A nan ne za ka tarar kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu, ko wani abu da ya ajiye a baitin farko sai a na uku ya dawo ya ɗauka.

Amma kada yawan kalmomi ya ruɗe ka. A 2014 wani mai suna Matt Daniels ya ƙirga kalmomi 35,000 na farko a waƙoƙin mawaƙa da dama, Aesop Rock ya zo kan gaba da kalmomi 7,392 mabambanta. Abin burgewa ne, sai dai ni ban taɓa auna mawaƙi da wannan ba. Akwai waɗanda suka haɗiyi ƙamus kawai suna amayarwa, in ka tono ƙarƙashin maganar ba ka samun komai. Na ƙwarai shi ne wanda sauraro na goma ya fi na farko daɗi.

Yanzu ƙurar da kake son wankewa. Na'urar SP-1200 da ta fito a 1987 daƙiƙa goma kacal take iya ɗauka na sauti. Sai masu kiɗa a New York suka samo dabara: faifan da ya kamata ya juya 33 a minti sai su sa shi a 45, su ɗauki guntun da sauri don tsimin wuri, sannan su sassauta shi a cikin na'urar. Wannan sassautawar ce take fitar da sauti mai tsakuwa-tsakuwa. Talauci ne ya haife shi, daga baya kunne ya saba har ya zama abin nema. Mai haɗa kiɗa Madlib a ɗakin otal a Brazil ya haɗa da yawa daga kiɗan Madvillainy, faifansa da DOOM na 2004, da 'yar ƙaramar na'urar ɗaukar sauti SP-303 da na'urar faifai ta tafi-da-gidanka. J Dilla kuma yakan kashe abin da ke daidaita bugu a na'urar kiɗansa ta MPC, ya buga da yatsa, gangar ta ɗan yi ɗingishi da gangan. Wani mawaƙi mai suna Ka, marigayi, wanda ya yi aikin kashe gobara a New York, sau da yawa cire gangar ma yake yi gaba ɗaya, ya bar zaren kiɗa guda yana zagayawa, muryarsa ƙasa-ƙasa a kai.

Duk dalilin ɗaya ne: magana mai yawa tana son fili. Kiɗan yana maimaita kansa ne don hankalinka ya sake shi ya koma kan baki.

Ina kamar shekarunka wani mawaƙi ya kawo mini irin wannan. Na kwana a kai. Na cire shuuu ɗin faifai, na yanke duk numfashinsa, na ja kowace kalma na ɗora ta daidai kan bugu. Da safe ya saurari rabin baiti, ya cire abin kunne ya ajiye a hankali, ya ce, "Oga, ina mutumin da ya yi waƙar?" Ashe jinkirin da na gyara shi ne salonsa, yana tafiya a bayan ganga kaɗan kamar mai jan ƙafa. Sai da na warware aikin dare guda.

Saboda haka ga aikinka a kan ta jiya. Baƙaƙen harufa, irin su t da k da s, a ma'aunin kaifin sauti tsakanin kilohaz 2 zuwa 5 suke zaune, kuma da su ake gane kalma. Nan ne ƙaramar ganga da ƙahon da ke cikin guntun faifan suke cunkushe masa. Rage su kaɗan a wurin, ba sai ka ɗaga muryar ba. Kada ka sa mata dogon amo, don wutsiyar kalma za ta hau kan ta gaba, su zama kunu. Numfashin ka bar shi, sai dai ka sassauta wanda ya yi ƙara da yawa. Shuuu ɗin ma ka bar shi.

In ka gama, sa ta a ƙaramar lasifikar nan, ka rage sauti sosai, ka ɗauki takarda ka rubuta baitin farko da kunne kawai. Duk kalmar da ta kuɓuce maka, ja layi a wurin, ka kawo mini takardar gobe mu duba tare.