Me ya sa kiran farko yake jinkiri?

Ka tambaye ni, ƙanena, me ya sa aikin manhaja da ka ɗora jiya yake cin daƙiƙa biyar kafin ya amsa kiran farko da safe, wato buƙatar farko da aka aiko masa, amma na biyu ya dawo nan take. Ka ce ai tsarin "babu sabar" ne, to wa ake jira?

Sabar, wato kwamfutar da ke amsa kiraye-kiraye, tana nan daram. Sunan yana nufin ba kai ke ɗawainiya da ita ba. A wurinmu gungun injuna ne Kubernetes, manhajar da ke rarraba musu aiki, ke juyawa, Knative kuma, mai kunna ayyuka da kashe su gwargwadon buƙata, wanda Google ta fitar a 2018, yana zaune a kansa. Manhajar da ka rubuta an naɗe ta cikin kwantena, wato an haɗa ta da duk abin da take buƙata wuri guda, ita kuma tana gudana a cikin fod, ɗan mazaunin da Kubernetes ke kunna kwantena a ciki.

Idan aka yi kamar minti ɗaya ba wanda ya kira, Knative yakan sauke fod ɗin gaba ɗaya, adadi ya koma sifili, don kada a tare ƙwaƙwalwar inji a banza. Kiran safe sai ya tarar ba kowa. Aktibeta, wani sashe na Knative, shi ke riƙe kiran, ya sanar da mai auna nauyi, sashen da ke yanke yawan fod ɗin da ake buƙata, shi kuma ya sa Kubernetes ya tada sabon fod. Sai a nemi injin da ke da fili. In ƙunshin kwantenar, wato fayilolin da ake kunna ta daga gare su, ba ya kan wannan injin, a jawo shi daga rumbu, a kunna, manhajarka ta loda kayanta, a tabbatar ta shirya. Sai sannan a miƙa mata kiran. Daƙiƙoƙinka biyar ke nan.

Zo ka gani da idonka. Buɗe tagar rubuta umarni, rubuta kubectl get pods -w, ka aika kira daga wata tagar. Layi zai ɓullo, ya fara da 0/2, ya tsaya a 2/2. Biyu ne saboda Knative yana haɗa kowace kwantena da ɗan rakiya mai ƙirga kiraye-kirayen da ke hannu. Ma'aunin asali kira 100 ne a lokaci guda ga kowane fod, kuma da an kai kashi 70 cikin ɗari ake fara ƙaro fod. Kada ka ɗauka ko'ina haka ne: Lambda, tsarin "babu sabar" na Amazon, a kan wata fasaha daban mai suna Firecracker yake gudana.

Na duba ƙunshinka, ya haura gigabait ɗaya, har da kayan gwaji a ciki. Wannan ya dame ni, domin mutumin da ya danna maɓallin biyan kuɗi ba zai tsaya jira ba, sake dannawa zai yi. Ka zubar da duk abin da ba a buƙata wajen gudu. Aikin biyan kuɗin kuwa, sa mafi ƙarancin fod ɗinsa ya zama 1, ya kwana a kunne, mu biya kuɗin. Na rahoton dare bar shi ya koma sifili. Gyara, ka sake aunawa, ka kawo mini lambobin kafin La'asar.