Allurar SWR ta kwanta, amma ba mai jin muryata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne a Tahoua, ina kuma koyon magana da ƙasashen nesa ta rediyon masu sha'awa. Na ɗaura doguwar waya a matsayin eriya, amma SWR, wato ma'aunin wutar da ke dawowa daga eriya zuwa rediyo, ya haura 5. Wani abokin sana'a ya ce in haɗa rezistans (abin da ke rage gudun wuta, ana auna shi da ohm) mai ohm 50 a bakin eriyar, tsakanin wayoyi biyu na kebur. Na haɗa, allura ta sauko kusa da 1, sai dai tun ranar ko na yi kira ba mai amsawa. Mene ne matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rezistans ɗin ne ke cinye wutarka. Rediyon an ƙera shi ne ya ga ohm 50 a ƙarshen kebur, mitar SWR kuma abin da take aunawa ke nan kawai: nawa ya tafi, nawa ya dawo. Ba ruwanta da ko wutar ta fita iska ko ta zama zafi.

Mu yi lissafi. A ce eriyarka tana da ohm 450 a zangon da kake. Ka jera mata rezistans mai ohm 50, su biyun sun zama ohm 45, allura ta nuna 1.1, hankalinka ya kwanta. To amma wuta hanya mai sauƙi take bi. Cikin wat 100 da rediyon ya fitar, 90 sun tafi ɗumama rezistans, 10 kacal suka kai eriya. Bayan ka saki maɓallin magana, kai hannu kusa da shi, za ka ji inda muryarka ta tsaya.

Cire shi, ka yanka eriyar daidai da zangon. Raba 143 da yawan megahaz (MHz) na zangon, ka sami tsawon dipol, wato eriya mai hannu biyu, a mita: kusan mita 10 don 14 MHz, kusan mita 20 don 7 MHz, a raba gida biyu, kebur a tsakiya. In kuwa waya ɗaya kake so ta yi maka zango da yawa, nemi akwatin daidaita eriya mai koyil da kondansa, domin su ajiye wuta suke yi su mayar, asararsu kaɗan ce. Kuma ka rage tsoron allurar nan. A SWR 2, kashi 11 cikin ɗari ne kawai ke dawowa. Ina fata dai ka bi ta wajen hukumar ARCEP mai kula da sadarwa kan izini kafin ka hau iska, don masu lasisi a Nijar da alamar 5U ake kiransu.

Tambaya: Daga Yamai. Malam, ina ganin wata eriya mai waya biyu a jere a saman ofisoshin ƙungiyoyin agaji, an ce akwai rezistans a tsakiyarta. Su ba sa asara ne?

Amsa: Suna yi, da saninsu. Irin wannan ita ake kira T2FD, ta fito daga gwaje-gwajen sojan ruwan Amurka, kuma G. L. Countryman ya bayyana ta a mujallar QST a 1949. Rezistans ɗinta na ohm ɗaruruwa ne, yana daura da inda kebur ya shiga, ga kuma taransfoma da ke sauko da lissafin zuwa ohm 50. Ribarta ita ce mutum ya sauya zango daga na rana zuwa na dare ba tare da ya taɓa komai ba, abin da mai gadin ofis ko direba ke buƙata ke nan in mota ta maƙale a daji. Kuɗin wannan sauƙi shi ne wuta: a zangunan da ke da ƙarancin megahaz rabi ko fiye na iya ƙonewa. Rabi ɗin desibel 3 ne a ma'aunin ƙarfin sigina, wanda mai saurare da ƙyar zai lura da shi, ba kamar kashi 90 na mai tambayar farko ba. Wajen saurare kuwa ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan, don a gajeren zango hayaniyar iska ce ke hana ji, ba ƙarancin sigina ba.

Tambaya: Zan iya amfani da farin rezistans mai kama da siminti da ake cirewa a tsohuwar talabijin wajen gwada rediyo?

Amsa: A'a. Yawancinsu waya ce aka nannaɗe a ciki, a zangon rediyo koyil suke zama, adadin da aka rubuta a jikinsu ba ya aiki. Nemi na kabon ko na metal-oksid. Guda 20 masu ohm 1000 da wat 2, a haɗe gefe da gefe, ƙafafun kowane ɓangare a wuri ɗaya, za su ba ka ohm 50 mai ɗaukar wat 40, ya ishe ka gwada rediyo ba tare da ka dami kowa a iska ba. Ka taƙaita ƙafafunsu. A zafin Afrilu da Mayu kada ka kai su iyakar abin da aka rubuta, tsaya wajen rabi.

Akwai kuma wurin da nake son ganin rezistans a kowace doguwar eriya a ƙasar nan: mai ohm miliyan 1, daga wayar zuwa ƙasa. Busasshiyar iskar hunturu mai ƙura tana tara caji a jikin waya har ka ji tas-tas a bakin kebur, kuma hakan na iya lalata sashen karɓa na rediyo. Wannan rezistans ɗin yana zubar da cajin a hankali, kuma girmansa ya sa ba ya cin wutar magana. Tsawa kam ba ya tare ta, in hadari ya taso sai ka zare kebur.